Tarin Inna ba na tsufa ba ne

Jama'ar Ƙonni da Malbaza da Illela, da na Tsarnawa, Dogarawa, Galmi, Badagishiri, da 'yan'uwanmu da ke ci-rani suna bin wannan shafi daga nesa. Kun saba jin muryata a rediyo. Yau rubutu na zaɓa, saboda maganar ta gidanmu ce, kuma in na ce zan faɗe ta a gaban makirho ban tabbata muryata za ta kai ni ƙarshe ba.

Tun ina ƙarami, tarin Inna shi ne agogon gidanmu. Kafin ladan ya kira assalatu za ka ji shi daga ɗakinta, sau uku ko huɗu, sannan ƙarar buta. In ka ji wannan ka san gari ya kusa wayewa, ka fara neman allonka da jakar lakwal. Ba wanda ya taɓa ɗaukar shi ciwo. Baba, Allah ya jiƙan shi, cewa yake sanyi ne. Da shekaru sunka ja sai munka koma cewa tsufa ne. An sha zuma da lemun tsami, an sha citta da kanumfari, an sayi siro iri-iri wajen mai tebur. Tari ya lafa kwana biyu, ya dawo.

Hunturun bara waccan abin ya canza. Inna ta kai ga in ta taka daga ɗakinta zuwa bakin zaure sai ta dafa bango ta huta. Da dare numfashinta na fito kamar ana busa cikin kara. Ƙanwata ce ta kira ni ina wurin aiki, ta ce: "Yaya, in ba ka zo ka kai ta likita ba, ni ban san abin da zan yi ba, ta ƙi jin maganata." Na zo, munka yi ta fama. Ita dai cewa take: "Mi za ni yi wurin lokotoro? Tarin da nike yi tun ba a haihe ka ba?" Da ƙyar ta yarda.

Abin da nike tsoro tarin fuka ne. An amshi majinarta an auna, aka ce babu. Sai anka tura mu hoton ƙirji, wanda mu nan muke ce ma "radiyo". Har Inna ta samu abin tsokana, ta ce ashe ita ma yau za ta shiga rediyo kamar ɗanta. Likitan ya ɗaga hoton ya daɗe shina kallo, ya sa ta hura iska, ya saurari bayanta. Sannan ya juyo gare ni ya tambaye ni da Faransanci, don kada ta ji, ko tsohuwar tana shan taba. Raina ya ɓaci. Na ce mishi matar da ko goro ba ta cika ci ba? Ya ce in yi haƙuri, tambaya ce ta aiki. Sai ya juya ga Inna da Hausa: "Hajiya, da mi kike dahuwa?" Ta ce da icce mana, da mi za a yi? Ya ce a fili ko cikin ɗaki? Ta ce cikin madafa. Ya ce shekara nawa? Ta yi dariya ta ce tun ranar da anka kawo ta gidan miji.

Likitan ya aje hoton ya ce mini: "To ga tabarta nan." Ya bayyana mini cewa hanyoyin iska na huhunta sun ƙuntace, ciwo ne da ba ya warkewa, sai dai a rage mishi gudu. Ya rubuta magani, har da wanda ake shaƙa, ya ce amma babban maganin shi ne ta bar zama cikin hayaƙi.

Da munka koma gida na wuce kai tsaye madafa. Kunya ta kama ni, don na lura rabona da shiga ɗakin nan in tsaya tun ina yaro mai satar ƙanzo. Ɗan ƙaramin ɗaki ne na laka, ƙofa ɗaya, ba taga. Duwatsun murhu uku a kusurwa. Na ɗaga kai: azara da bango baƙi ƙirin, kunkunniya ta yi kauri har tana reto. Na shafa da yatsa, ta manne kamar kwalta. Matar ƙanena tana tuƙa tuwo, jaririnta goye a baya, idanunta na zubar da hawaye, tana yi mini sannu da zuwa. Ban yi minti biyar ba na fito ina tari. Na tsaya tsakar gida ina lissafi. An yi ma Inna aure tana 'yar shekara goma sha shida, yanzu ta haura sittin. Kunun safe, dahuwar fura, tuwon dare, ruwan wankan jegon ɗiya da na jikoki. Abin da ya maida bangon nan haka, shi ta shaƙa sama da shekara arba'in don mu ci mu ƙoshi.

Aikinmu ya koya mini in na ji abu in bincika, don haka na zauna na karanta. Hayaƙin icce ba abu ɗaya ba ne. Akwai ƙananan ɓurɓushi cikinsa da ido ba ya gani, sun fi silin gashi siranta kusan sau 30. Gashin hanci ba ya tare su, sukan wuce har ƙarshen huhu, wasu ma su shiga jini. Akwai kuma wata iska mai guba, ba launi ba wari, wadda ke hana jini ɗaukar iskar da jiki ke rayuwa da ita. Ita ce ke kawo ciwon kai da jiri da matanmu ke kuka da su bayan girki, mu ce gajiya ce. Hukumar Lafiya ta Duniya, OMS, ta ƙiyasta cewa a shekarar 2020 hayaƙin cikin gida ya yi sanadin mutuwar mutum kimanin miliyan 3 da dubu 200 a duniya, cikinsu har da yara sama da dubu 237 da ba su kai shekara 5 ba. Ba tari kaɗai yake kawowa ba. Akwai ciwon zuciya, shanyewar ɓarin jiki, ciwon daji na huhu, yanar ido, da haihuwar jariri ba nauyi. Hukumar ta ce cikin yara ƙanana da ciwon haƙarƙari ke kashewa, kusan rabi hayaƙin girki na da hannu a ciki. A ƙasarmu Nijar kuwa, gida tara cikin goma da icce ko danginsa ake dahuwa. Ke nan wannan lissafi ba na wasu mutane can nesa ba ne.

Da na karanta zancen yara sai na tuna jaririn da na gani a goye. Daminar da ta gabata an kwantar da yayarsa kwana biyar a asibiti da ciwon haƙarƙari, munka ce ruwan sama ne ya dake ta. Ban ce hayaƙi kaɗai ya kwantar da ita ba. Amma ku duba: uwa ta duƙa tana hura wuta, kan yaron na daidai inda hayaƙi ke tashi, kuma yaro ya fi babba saurin numfashi. Da damina icce jiƙaƙƙe ne, hayaƙinsa ya ninka, kowa kuma ya gudu cikin ɗaki saboda ruwa.

To, sai na yi abin da ɗan boko ke yi in ya ga matsala: na tafi kasuwa na sayo magani. Ƙarshen wata na ɗauki albashi na sayi tukunyar gas mai kilo 6 da kanta, na ɗora bisa babur na kawo gida ina jin na gama aiki. Inna ta dube ta, ta dube ni, ta ce: "Wagga aba da ta tashi da gidan mutane ita ka kawo mini? Fitar mini da ita." Na yi bayani, na kunna, na kashe. Ta ce to, Allah shi yi albarka. Bayan sati biyu na dawo na tarar da tukunyar a ɗakin ajiya, an lulluɓe ta da tsohon zane, an ɗora mata kwanon gero bisa kai. Madafa kuwa na ta tuƙa hayaƙinta kamar kullum.

Na yi fushi, na ce mata ita ba ta son lafiyarta. Ba ta ɗaga murya ba. Ta ce: "Zauna in tambaye ka. Mutum nawa ke cin tuwo gidan ga?" Na ƙirga, goma sha bakwai, ban da almajirai. Ta ce: "Ɗauko tukunyar tuwon ka aza bisa abin naka, ka kama muciya ka tuƙa in gani." Na gwada aza tukunyar ba komai ciki, tana rawa. Ta ce: "In ya ƙare tsakar dahuwa, kai kana can kana surutu cikin rediyo, wa za ya ba ni kuɗin cikawa? Icce ko na dala ashirin ne sai a sayar mini. Gas ana sayar da na dala ashirin?" Ban da amsa. Mai ɗaki shi ya san inda yake mishi yoyo.

Gaskiyarta ce, kuma ita ce gaskiyar gidaje da yawa. Tun da matatar SORAZ ta Damagaram ta fara aiki a ƙarshen 2011 muna da gas na ƙasarmu, a wancan lokacin kuma hukuma ta tsaida cikon tukunya mai kilo 6 a kan sefa 1800, jika biyu ba dala arba'in ke nan. In ka lissafa abin da gidan cikin gari ke kashewa a icce wata guda, sau da yawa gas ya fi araha. Amma sai ka fara da sayen tukunyar kanta, kuɗi a dunƙule, kuma cikon ma a dunƙule ake biyan shi. Talaka kuwa da kuɗin yini yake rayuwa. A ƙauye ga nisa, wani lokaci ka zo gari ka tarar babu. Ga tsoro, wanda ba a raba mutum da shi da faɗa. Mu da ke zuwa rediyo muna cewa "a rungumi gas" ya kamata mu san wannan kafin mu buɗe baki.

Shi kansa iccen da Inna ta dogara da shi ba kamar da yake ba. Ina yaro, in mun je hutu ƙauyen kakanninmu wajen Dogarawa, da hantsi muke fita mu dawo kafin azahar da ɗaurin sabara da geza da busasshen kalgo. Yanzu yaran ƙauyen sun ce sai su wuni. Masu amalanken jaki da ke shigowa Ƙonni da icce, ku tambaye su daga ina suke, za ku ji sunan wurare masu nisa. Ƙirya da marke da kakanninmu ke yabon garwashinsu sun yi wuya. Inda icce ya gagara an koma ma kara da kashin shanu, wasu har da tumfafiya. Waɗannan sun fi hayaƙi, kuma karan da kashin abincin gona ne: in an ƙone su a murhu, ƙasa ta zauna tsirara iska ta kwashe ta. Ga kuma sabuwar ɗabi'a ta hura wuta da leda ko guntun takalmin roba, guba bisa guba. Ranar layya kuwa kowa ya san tulin iccen da muke ƙonewa wajen gashin raguna, a yini ɗaya.

Ba na cikin masu cewa komai ya lalace. Yankinmu ya nuna ma duniya ana iya maido da itatuwa. A kwarin Maggiya, wajen Buza, tun 1975 anka fara dasa layukan bedi don tare iska, da taimakon ƙungiyar CARE. A 1989 wasu manoman Illela sun je Yatenga ta Burkina Faso sunka ga yadda ake gyara ramukan shuka, sunka dawo sunka inganta tassa, har fako da anka yafe ya koma gona, wajen Badagishiri kowa shaida ne. Sassaben zamani da ya faro daga Maraɗi a shekarun 1980, wato barin tsiron kututture ya girma cikin gona ana yi mishi aski, ya maido da itatuwa kimanin miliyan 200 a ƙasar nan. Manomin da ya bar gawo da kalgo a gonarsa shina samun icce daga rassan da ya sassabe ba tare da ya kashe uwar ba. Kowace ranar 3 ga Agusta muna dashe. Sai dai na lura da abu ɗaya: duk tarukan da nike zuwa ɗauko labari, in an yi zancen murhu, zancen daji ake yi. Ana ƙirga itatuwa, ba a ƙirga mata masu tari. Itacen da anka sare in an kula shina tohowa. Likita ya gaya mini huhun Inna ba zai toho ba.

Da gas ya kāsa, sai na bar umurni na koma shawara. Na tara matan gidan, har da Inna, na ce su faɗi abin da zai yiwu. Abin da munka yi ba shi da tsada, shi ya sa nike son in lissafa muku.

Da farko mun fitar da girki daga ɗakin nan. An kafa rumfa a tsakar gida, buɗe ta gefe biyu, da ɗan gajeren bango ta gabas don iskar hunturu. Tsohuwar madafa an huda mata taga biyu, ɗaya sama kusa da rufi, saboda ranar ruwa. Magini yini ɗaya ya yi.

Na biyu, murhu. Tsofaffinmu sun san Mai Sauƙi, murhun ƙarfe da anka yaɗa a ƙasar nan tun shekarun 1980, da Albarka wanda ake ginawa da laka. Murhun duwatsu uku yawancin zafinsa iska ke kwashewa, kaɗan ke isa gindin tukunya. Wata maƙwabciyarmu da ta iya ta gina mana na laka daidai babbar tukunyar tuwo, ta zauna daram, a tuƙa yadda ake so. Na sayi na ƙarfe wajen maƙera don miya. Matan sun ce iccen da ke yi musu kwana biyu yanzu shina kai uku. Amma kada in ruɗe ku: irin wannan murhu rage hayaƙi yake, ba ya kawar da shi. Masana lafiya sun ce wanda ke kāre huhu sosai shi ne gas ko lantarki. Murhun laka mataki ne, ba ƙarshen tafiya ba.

Na uku, ƙananan abubuwa. A faskara icce ƙanana a shanya shi, a ajiye na damina inda ruwa ba ya taɓa shi. A rufe tukunya. A jiƙa wake tun dare. Ba leda, ba roba wajen hura wuta. Kuma doka ɗaya da Inna da kanta ta kafa bayan ta ji zancen yara: ba mai shiga wurin wuta da goyo. Ita ke karɓar jaririn ta zauna da shi can gindin bedi, ta ce ai yanzu ta samu aikin da ya fi tuƙi.

Tukunyar gas ma ta fito daga ƙarƙashin zane. Ƙanwata ce ta fara ɗumame da ruwan zafin safe da ita. Na koya musu a aje ta a tsaye inda iska ke shiga, a kashe a kan tukunyar in an gama, in an ji wari kada a ƙyasta ashana, a fitar da ita fili. Na ɗauki alkawarin cikon, wata-wata, kamar yadda nike biyan kuɗin wuta. Ranar da na tarar da Inna ta sa an dafa mata shayi bisa gas ban ce komai ba, ita ma ba ta ce ba.

A nan nike son in yi magana da 'yan'uwana maza, da ni a ciki. Mu ke riƙe da kuɗin gida, amma ba mu ke zama cikin hayaƙi ba. Muna zaure ko majalisa, a kawo mana tuwo da zafinsa, in ya makara mu yi faɗa, in ya yi ƙauri mu yi faɗa. Nawa ne cikinmu sunka canza salula bana? Nawa muke zubawa a kati da man babur a wata? Ni da ke wannan rubutu na shekara goma ina shirin lafiya a rediyo, na yi zancen masassarar cizon sauro, na yi na ƙyanda da kwalara, ban taɓa leƙa madafar uwata ba. Huda taga ba ya buƙatar wani purojè ko baƙo daga waje. Magini ne da yini ɗaya.

Tunda sanyi na tafe, ga gargaɗi guda. Kada a shiga da garwashi ko murhun gawayi cikin ɗaki a rufe ƙofa a kwanta. Gawayi ba ya hayaƙi sosai, shi ya sa ake ganin ba komai, alhali shi ke fitar da iskar nan mai guba da ba a ji ba a gani. Mutum barci zai yi ya wuce. Masu jego da jarirai da tsofaffi su anka fi yi ma wannan gata, su ne kuma ba su da ƙarfin jure shi. In an ɗumama ɗaki a fitar da wutar kafin a kwanta. In wani ya tashi da ciwon kai da jiri da amai a ɗakin da wuta ta kwana, a fitar da shi iska, a nufi likita. Haka kuma duk mai tarin da ya wuce sati biyu a je a auna, don tarin fuka na nan kuma shina da magani. Yaron da ke numfashi da sauri, haƙarƙarinsa na shiga ciki, kada a jira gobe.

Inna na nan da rai, alhamdu lillahi. Ba ta warke ba, kuma ba za ta koma kamar da ba. Tana shaƙa maganinta, tana taka wa har gidan maƙwabta ba ta dafa bango ba. Da asuba har yanzu nakan ji tarin in na kwana gida, sai dai ya rage, kuma yanzu na san sunansa. Rannan tana zaune da jikanta a cinya, tana kallon matan na girki a rumfa, ta ce mini: "Da an huda tagar nan tun zamanin babanka..." Ba ta ƙarasa ba, ni ma ban tambaye ta ba.

Roƙona ɗaya ne. Yau da yamma, in an aza tukunyar dare, ka shiga inda ake dafa maka abinci ka tsaya minti biyar. Ka ɗaga kai ka dubi rufin. Sannan ka tambayi mai girkin abin da take so a gyara, ka saurare ta kafin ka tafi kasuwa, kada ka yi irin tawa. Wanda ya gwada wata dabara a gidansu, ko mata masu ginin murhun laka a Malbaza, Illela ko nan Ƙonni, ku rubuta a ƙasa ku faɗi garinku, zan karanta a shirinmu don wasu su amfana. Ku sa Inna cikin addu'a, da sauran iyayenmu mata. Allah shi ba marasa lafiya lafiya, shi kai mu damina lafiya.